Yaron da in'ina ta rufe wa baki zai iya zama ɗan wasan dandamali?

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa tana riƙon ɗan ƙanwarta mai shekara 13. Auren iyayensa ya mutu tun yana goye, uban ya yi gaba bai ƙara waiwayo ba, uwar ta yi wani auren, aka ɗauko yaron daga ƙauye aka kawo mata shi birni yana ɗan shekara shida. Yana da in'ina mai tsanani, har a aji ba ya buɗe baki. Amma rannan ta ji shi a bayan gida, wajen turken awaki, yana kwaikwayon muryar malaminsu da ta mai unguwa, magana na zuba ba gargada. Ya taɓa rubuta mata a takarda cewa shi wasan kwaikwayo yake so ya yi. Tana tambaya: akwai wanda ya taɓa fitowa daga irin wannan hali ya zama ɗan wasa a gaban jama'a, ko kuwa ta rarrashe shi ya cire abin a ransa tun kafin a yi masa dariya?

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan riƙo, ya raya miki shi. Akwai wanda ya fito. Na daɗe ina koyar da wasan daɓe ga 'yan sakandare da matasa, kuma tun ina tsakiyar karanta wasiƙarki sunan mutum ɗaya ke ta dawo mini, saboda labarinsa da na ɗanki sun yi kama har abin ya ba ni mamaki. Sunansa James Earl Jones, baƙar fatar Amurka. Ko ba ki san fuskarsa ba, mai yiwuwa yaran gidanki sun san muryarsa, don shi ne ya yi muryar Mufasa, uban zakin nan na fim ɗin zane The Lion King na 1994. Murya ce mai kauri, mai nauyi, wadda idan ta fito sai ɗaki ya yi tsit. Mai wannan muryar ya yi kusan shekara takwas na ƙuruciyarsa ba ya magana a bainar jama'a.

An haife shi ranar 17 ga Janairu, 1931, a wani ƙauye da ake kira Arkabutla a jihar Mississippi, kudancin Amurka, lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, wariyar launin fata kuma tana kan ganiyarta. Ubansa, Robert Earl Jones, ya bar gidan, yaron bai tashi ya san shi ba. Uwarsa Ruth tana yawon neman abin sa wa a baka, wani lokaci koyarwa, wani lokaci aikatau. Da ya kai shekara biyar sai kakanninsa na wajen uwa, John Henry da Maggie Connolly, suka karɓi riƙonsa, suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka yi arewa, zuwa wata gona a Dublin ta jihar Michigan. Ba su kaɗai ba ne. Tsakanin wajen 1910 da 1970 baƙaƙen fata kimanin miliyan shida ne suka bar kudu suka nufi arewa da yamma don guje wa ƙasƙanci da neman aiki. Ga manya, hijira ce ta neman mafita. Ga yaro ɗan shekara biyar, an raba shi ne da duk abin da ya sani a duniya rana ɗaya, aka kai shi ƙasar dusar ƙanƙara cikin baƙin fuskoki.

A nan in'inarsa ta yi ƙamari. Ya ba da labari da bakinsa cewa a makarantar coci ta ranar Lahadi, idan aka ce ya karanta darasi, yaran da ke bayansa har faɗuwa suke yi don dariya. Sai ya yanke wa kansa hukunci ya yi shiru. A gida yana ɗan yi wa 'yan'uwa gajerun maganganu, a makaranta kuwa a rubuce yake ba da amsa. Waɗanda yake sakin baki da su sosai su ne dabbobin gona da karen gidan. Kin ga inda na ce labarin ya yi kama da na ɗanki da awakinsa.

Bari in tsaya a nan in yi miki bayanin abin da kika ji a bayan gida, don na san wasu za su ce miki ai da gangan yake yi, tunda ga shi yana magana lafiya idan ya ga dama. Wannan zato zalunci ne, kuma ya jawo wa yara da yawa duka a banza. Masu binciken lalurar magana sun daɗe da sanin cewa mai in'ina yakan sami sauƙi idan yana waƙa, ko yana karatu tare da jama'a baki ɗaya, ko yana bin wani kari mai tsari, ko yana magana shi kaɗai, da jariri, ko da dabba, ko kuma ya ari muryar wani. Duk malamin allo da ya daɗe a kan buzu zai gaya miki ya taɓa ganin almajirin da ba ya iya faɗin sunansa sai da kyar, amma idan ya ɗauki tilawa da ƙira'a sai ya wuce kamar ruwa. In'ina aba ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke tsara fitar magana, tana yawan bin jini, tana farawa galibi tsakanin shekara biyu zuwa biyar. Kimanin yara biyar cikin ɗari sukan yi ta na wani lokaci, mafi yawansu ta sake su, ta zauna wa kimanin mutum ɗaya cikin ɗari har girma, kuma ta fi kama maza. Jones ya danganta tasa da girgizar ƙaurar nan, ko da yake a gidansu ma akwai kawunsa mai in'ina. Abin da na yarda da shi shi ne tashin hankali da tsoron dariya suna ƙara mata nauyi, har su kai yaro ga rufe baki gaba ɗaya. Kuma ba abin kunya ba ne. Annabi Musa, alaihissalam, da aka aike shi wurin Fir'auna, cikin abin da ya roƙa akwai a warware masa ƙullin da ke harshensa don a fahimci maganarsa.

Shirun Jones ya ci gaba har ya shiga sakandare a garin Brethren. A can ya haɗu da malamin Turanci mai suna Donald Crouch, dattijo wanda ya taɓa koyarwa a kwaleji. Crouch ya lura cewa yaron nan da ba ya magana yana rubuta waƙoƙi a ɓoye. Wata rana Jones ya rubuta waƙa a kan garehul, wannan babban lemon mai ɗan ɗaci, wanda gwamnati ke kawowa daga Florida tana raba wa iyalai a yankinsu. Ki duba abin da ya zaɓa ya yi wa waƙa: ɗan itacen tallafi, abin marmari ga ɗan talaka a tsakiyar hunturu. Ya kuma ɗora ta a kan wani kari mai bugawa daidai-daidai kamar kiɗan ganga. Malamin ya karanta, ya ce waƙar ta yi kyau har yana shakkar ko shi ya rubuta, kuma hanyar da zai tabbatar tasa ce ita ce ya tashi a gaban aji ya kawo ta da ka. Yaron ya ji zafin a ce ya yi sata. Ya miƙe, yana rawar jiki, ya buɗe baki, waƙar ta fito daga farko har ƙarshe bai sarƙe ba.

Wannan wurin ne kowa ke so a labarin, kuma nan ne nake so ki yi hattara, don ni kaina na taɓa yin kuskure a kansa. Shekarun baya akwai wani yaro a ƙungiyar wasan da nake koyarwa, mai in'ina, mai kaifin basira. Na karanta labarin Crouch, zuciyata ta ɗauka, na ce ni ma zan yi. Na ba shi jawabin buɗe wasa a bikin ƙarshen shekara, gaban iyaye da ɗalibai cike da zaure. A wajen gwaji yana yi lafiya. Ran bikin ya fito, ya tsaya a tsakiyar dandamali, kalmar farko “Barkanku” ce. Leɓɓansa suka haɗe a kan harafin farko suka ƙi rabuwa. Ina tsaye a gefen labule ina ganin jijiyar wuyansa ta tashi, hannunsa na damƙe gefen rigarsa. Wani daga baya ya ƙyalƙyale, saura suka ɗauka. Yaron nan ya yi wata uku bai taka wurin gwaji ba, kuma laifin nawa ne ɗungurungum. Sai daga baya na zauna na ga abin da na tsallake. Crouch ya sa yaro ya faɗi kalmomin da shi ya haifa da kansa, waɗanda ya riga ya haddace, masu kari da zai jingina da shi, a ƙaramin aji na makarantar karkara, bayan ya daɗe yana lura da shi. Ni kuwa na ɗora wa nawa kalmomin wani, a gaban ɗaruruwan baƙi, shi kaɗai, kuma a farkon wasa inda duk ido ke kansa. Da ya dawo, cikin 'yan amshi na sa shi, su shida suna magana baki ɗaya. Daga nan layi ɗaya shi kaɗai a tsakiyar amshin. Sai bayan shekara guda ya karɓi rawa tasa.

Shi ma Jones, ranar waƙar garehul ƙofa ce kawai ta buɗe. Crouch bai sake shi ba, ya riƙa tura shi karatun waƙa a bayyane, da muhawara, da gasar jawabi, har ya gama makarantar a 1949. Ya shiga Jami'ar Michigan da niyyar karatun likita, daga baya ya koma sashen wasan kwaikwayo. Ya yi aikin soja, ya kai muƙamin laftana, aka kai shi sansanin horon sanyi a duwatsun Colorado. Gidan wasan da ya fara aiki shi ne Ramsdell a garin Manistee, kusa da gida, kuma a 1953 aikin kafinta ya fara yi musu, yana haɗa katakon dandamali. Daga baya ne ya zama mai kula da tafiyar wasa a bayan labule, yana kuma fitowa. Ina son wannan ɓangaren ƙwarai, domin duk ɗan wasan kirki da na sani ya san nauyin benci da ƙamshin fenti kafin ya san tafi. Mai riƙe guduma a bayan labule yana kallon wasa ɗaya sau talatin, yana ganin inda gwani ke jan numfashi da inda yake yin shiru, kuma ba a tambayarsa ya ce komai. Ga yaron da ya saba saurare, babu makarantar da ta fi wannan.

Da ya koma New York ya shiga makarantar horar da 'yan wasa ta American Theatre Wing, yana ciyar da kansa da shara da goge daɓe. A wannan birnin ne ya sadu da ubansa, wanda shi ma, ikon Allah, ɗan wasa ya zama, amma aka toshe masa hanyar aiki a zamanin da ake farautar waɗanda ake zargi da ra'ayin kwaminisanci. Uba da ɗa suka riƙa aikin gyaran daɓe tare don su ci abinci. Jones bai ɓoye ba cewa lokacin da za su zama uba da ɗa ya riga ya wuce, abin da suka iya ginawa shi ne abota. Na kawo wannan ne saboda wata rana ɗanki zai nemi ubansa, ko uban ya neme shi, musamman idan Allah ya ɗaukaka shi. Kada ki sa masa ran cewa haɗuwar za ta cike ramin shekarun da suka wuce, kada kuma ki tare masa hanya.

A 1957 ya fara taka Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, a matsayin mai jiran gurbi, wato wanda ke haddace rawar wani ya zauna ko-ta-kwana. A farkon 1958 ya sami ƙaramar rawa ta mai hidimar gida a wani wasa kan rayuwar shugaba Franklin Roosevelt, a gidan wasa na Cort. Layukansa ba su taka kara sun karya ba. Ɗaya daga ciki shi ne ya shigo ya sanar da uwargida cewa abinci ya sauka. Wani dare, gaban 'yan kallo, harshensa ya maƙale a harafin farko na sunanta. Abokiyar wasansa ta tsaya ta jira shi, ba ta ƙarasa masa ba, har kalmar ta fito, wasa ya ci gaba. Yana da shekara 27 a lokacin, ya yi jami'a, ya yi soja, ya sha horo, amma in'inar tana nan. Har ya tsufa yana cewa shi bai warke ba, ya dai koyi yadda zai yi aiki da ita. Wannan gidan wasan na Cort, a watan Satumba na 2022 aka sauya masa suna zuwa James Earl Jones.

Tsakanin wancan dare da shahararsa akwai shekara goma na aiki tuƙuru a ƙananan gidajen wasa da kuma wasannin Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, da wani mai shirya wasa Joseph Papp ke shiryawa kyauta a filin shaƙatawa na Central Park a New York, inda ya fito a wasan Othello a 1964. Sai a ƙarshen 1967 ya sami rawar da ta fito da shi, a wasan The Great White Hope, wanda aka fara a Washington aka kai Broadway a 1968. An gina wasan ne a kan rayuwar Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya zama zakaran damben duniya ajin masu nauyi a 1908, wanda fararen Amurka suka ƙi jinin nasararsa suka yi ta bin sa da sharri. Jones ya aske kansa ƙwal, ya yi horon 'yan dambe, ya riƙa cika zaure da murya dare bayan dare. A 1969 ya karɓi lambar Tony, wadda ita ce mafi girma a wasan dandamali a Amurka. Daga ranar waƙar garehul zuwa nan, an haura shekara ashirin.

Tony ta biyu ta zo a 1987 da wasan Fences na August Wilson, kuma a ganina nan ne ƙuruciyarsa ta fi yi masa aiki. Ya fito a matsayin Troy, mai kwasar shara a birnin Pittsburgh, uba mai taurin kai wanda rayuwa ta murƙushe wa buri. Akwai inda ɗansa ya tambaye shi me ya sa bai taɓa son sa ba, uban ya ba shi amsa da zafi cewa ciyar da shi da tufatar da shi haƙƙi ne a wuyansa, ba sai da ƙauna ba. Wanda ke faɗin waɗannan kalmomi a dandamali mutum ne da ya tashi ba uba a gida, ya san tambayar yaron daga ciki, yanzu kuma an ba shi bakin uban ya amsa. Amma ki lura, Hajiya, ciwon shi kaɗai ba ya yin wasa. Na ga matasa da yawa da suka sha wuya fiye da Jones, suka hau dandamali suka fashe da kukan gaske, 'yan kallo suka rasa inda za su sa idonsu. Sai an horar da numfashi, da tsayuwa, da haddar layi, da sanin inda za a riƙe kai, sannan abin da ke cikin zuciya ke isa ga na kujerar ƙarshe, kuma a iya maimaita shi gobe da jibi ba tare da mutum ya illata kansa ba. Shi ya sa ba na son jin ana cewa wahala ce ta yi shi. Dubban yara wahala irin wannan ta haɗiye su ba a ji ɗuriyarsu ba. Shi ya sami kakanni da suka riƙe shi, da malami ɗaya da ya kula, da jimirin shekaru. Yana da shekara 84 yana hawa dandamalin Broadway a 2015, ya rasu ranar 9 ga Satumba, 2024, yana da 93.

To, ga ɗanki. Kada ki ce ya cire abin a ransa. Takardar nan da ya rubuto miki, yaron da ba ya magana ne ya miƙo miki abin da ya fi ɓoyewa, idan kika mayar masa da ita ba lallai ya sake miƙo wata ba. Ba kuma zan yi miki alkawarin zai zama tauraro ba, don sana'ar tana da wuya ko ga masu sakakken harshe, kuma wasan daɓe a wajenmu bai cika ciyar da mai shi ba sai ya haɗa da koyarwa, ko rediyo, ko fim. Ya riƙe karatunsa da kyau. Idan ya kai munzalin jami'a yana nan a kan bakansa, akwai sashen koyon wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da ta Jos. Amma ko bai zama ɗan wasa ba, wasan zai iya ba shi bakin da zai yi ciniki, ya nemi aure, ya kare kansa a gaban mutane.

A gida, idan ya maƙale, ki jira shi kamar yadda matar nan ta jira Jones. Kada ki ƙarasa masa kalma, kada ki ce “yi a hankali” ko “nutsu mana”, don waɗannan suna tuna masa cewa ana auna shi. Ki bar idonki a kansa yadda kike kallon kowa, ki amsa abin da ya faɗa, ki ƙyale yadda ya faɗe shi. Ki hana yaran gida kwaikwayonsa, hani mai ƙarfi, ko da wasa ne. Idan da hali ki kai shi asibitin koyarwa mafi kusa, ki tambaya a sashen kunne, hanci da maƙogwaro ko suna da mai gyaran magana. A makaranta ki nemi malami guda, ba sai shugaban makaranta ba, wanda kika ga yana da haƙuri, ki gaya masa abin da kika ji a bayan gida, ki roƙe shi kada ya tsayar da yaron a gaban taro tukuna. A fara da abin da ake yi a ƙungiya. Tashe ma idan azumi ya zo hanya ce mai kyau: ana yi da waƙa da amshi, an sa gemun auduga an ɓad da kama, yara da yawa a tare, ba wanda ke jiran mutum ɗaya.

Ki saya masa littafin rubutu mai kauri, ki ce ya rubuta miki abin da malamin nan da mai unguwa ke cewa a wasansa, ki karanta da gaske, ki yi masa tambaya a kan labarin. Wata rana, ba yanzu ba, ki ce kina so ya karanta miki shi da muryoyinsu, ke kaɗai, kina tsintar shinkafa ba kya kallonsa. In ya ƙi, ki bar shi sai wani jiƙon. Kafin nan, duk lokacin da kika sake jin sa wajen turken awaki, kada ki leƙa, kada ki kira kowa ya zo ya ji. Ki rage ƙarar rediyo, ki bar shi ya kai ƙarshen wasansa.